Tagogin bayan benen Hajja sun ja wa mijina baƙin suna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, garinmu in dai wajen gulma ne tafin hannu ne, kafin in ajiye waya an gane ni. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, ban taɓa zaton ni ma zan kawo tawa ba. Yau kam tura ta kai bango, shawararku nake roƙo, kuma ku yi mini uzuri in kun ji harshena da zafi, wallahi rubutun nan nake zuciyata na tafasa.

Ni matar aure ce a Haɗeja, 'ya'yanmu uku. Sana'armu ni da maigidana goge gilasan tagogi. Shi ya koyo a Kano lokacin da yake bin masu haɗa tagogin alminiyom, da ya dawo gida muka ga masu kuɗin shinkafa da riɗi kowa na ɗora bene amma ba mai goge musu. Wanda ya san garin nan ya san in kogi ya cika ƙwarin fadama ba sa raga wa gilashi, da an kunna fitila za su taso su manne, su mutu a jikin raga da cikin layin da gilashin ke bi, ga jar ƙasar da ruwan sama ke watsawa. Yadda muka raba aikin, ni nake shiga ɗakuna in goge ta ciki tunda namiji ba ya shiga wajen mata, shi kuma ya kafa tsani ya goge ta waje. Ni ce kuma mai ciniki, don shi bawan Allah da an ce masa Allah ya sa albarka sai ya miƙa hannu ya karɓi ko nawa ne. Ba wai mun fi kowa iya riƙe tsumma ba ne, abin da ya sa ake kiranmu amana ce, magidanci zai tafi kasuwa ya bar mu da iyalinsa hankalinsa kwance. Ba mu da gona, ba mu da albashi, da wannan muke ci.

Kwanakin baya wata mata ta aiko a kira ni, zan ce mata Hajja kawai. Babbar mace ce, da jikokinta, duk wani biki da adashin manyan mata tana gaba-gaba. Ɗanta mai fataucin riɗi ne ya gina ƙaton bene, ya sa ta a ciki ita da matarsa, shi yana Kano yana zuwa jefi-jefi. Za su yi walimar shiga gida, tana so gilasai su yi ƙal kafin baƙi su zo. Na yi murna ba kaɗan ba, na ce wa maigidana in muka samu gidan nan mun samu unguwar gaba ɗaya.

Ni ba na yanka farashi a waya, sai na je na zagaya da ƙafata. Kuma ba yawan tagogi kaɗai nake dubawa ba. Sabon gida ya fi tsoho wahala nesa ba kusa ba, ga ɗigon fenti, ga siminti ya bushe a jiki, ga ledar da ake manna wa gilashi magina sun bar ta rana ta dafa ta, sai ka bi da reza a hankali kamar mai yi wa jariri aski. Kowace taga sai an cire ragarta an wanke daban, sannan ka zura hannu tsakanin ƙarafuna. Ruwan bohol ɗin gidan kuma na taɓa shi na ji da kanwa, in ka yi ɗauraya da shi fari-fari yake bari, dole mu sayi ruwa wajen 'yan garuwa. Duk na lissafa. Da na hau sama na leƙa tagogin baya sai na ga kai tsaye tsakar gidan maƙwabcinsu suke kallo, gidan ƙasa ne na wani malami mai sayar da bandar kifi, har igiyar shanyarsu ina gani. Kun san dai al'adarmu, ko rufin ɗakinka za ka hau toshe yoyo sai ka aika maƙwabta mata su kimtsa, balle namiji ya kafa tsani a bene. Don haka na gaya mata aikin yini biyu ne, gaba da gefe rana ɗaya, baya kuma rana daban, bayan maigidana ya je ya yi sallama da mai gidan sun tsai da lokacin da matansa za su shige ɗaki. Na faɗi kuɗina a kan haka.

Jama'a kun ga yadda matar nan ta zabura? Ta ce ko sabbin gilasai zan sa mata ne, ta ce akwai 'yan tasha da za su yi mata a kuɗin abinci, ta ce mu talakawa da mun ga bene sai mu ɗauka bankin gwamnati muka shigo. Na ce to Hajja Allah ya ba da sa'a, na ɗauki mayafina. Har na kai ƙofa ta sa aka dawo da ni. Muka yi ta ja, ta ce ita abin da ba ta gane ba shi ne wannan yini na biyun, me ya sa za ta biya mu kuɗin zaman jira? Ta ce in cire shi, mu gama komai rana ɗaya, maganar maƙwabci kuma in bar mata, ai maƙwabcinta ne ba nawa ba, ita za ta aika tun kafin mu zo. A kan wannan sharaɗin na rage mata kuɗi sosai. Ta yi ta yi mini daɗin baki wai za ta haɗa ni da ƙawayenta, ni kuma kwaɗayin kasuwa ya rufe mini ido.

Ranar aiki tun da safe ƙorafi ya fara. Ina da ɗabi'a, kafin in taɓa gilashi sai na nuna wa mai gida duk inda magina suka karce, don kar a ce ni ce. Na nuna mata, ta ce ta gani. Amma ina gama falo ta dawo ta ce rezata ce ta yi. Ta bi ni ɗaki-ɗaki tana shafa yatsa a jikin gilashin da na goge, ta bar tabon man hannunta, sannan ta ce ga shi nan bai fita ba. Ta ce na jiƙa mata tayil, ta ce tsummana na wari. Wallahi na saba da kwastomomi iri-iri, akwai mai mita, akwai wadda ba a iya mata, kuma ƙa'idata ita ce ba na musu, in ka ce bai yi ba sai in sake. Na haɗiye, na ce yini ɗaya ne zai wuce. Surukarta, matar ɗan nata, yarinya mai hankali, ita ke bina da ruwan sha tana ce mini a hankali in yi haƙuri, haka Mama take.

Bayan azahar maigidana ya gama gaba da gefe, ya yi sallama daga bakin ƙofa ya ce in tambayo masa ko an aika gidan malamin. Na tambaye ta a gaban surukarta. Ga abin da ta ce, ban ƙara ko harafi ba:

"Sau nawa zan faɗa? Na aika tun jiya, sun ce ba komai. Ya hau kawai, rana na yi."

Duk da haka ya ce bari ya zagaya ya ji daga bakin mai gidan, tunda ƙofarsu a wani layin take, sai an kewaye kududdufin da ruwa ya cika. Daga bayan labule ta ɗaga murya ta ce in maganarta, ita da ta haifi kamarsa, ba ta isa ya yarda ba, to ya kwashe tsaninsa ya bar mata gida. Kunya ta kama shi. Wane namijin kirki ne zai ƙaryata sa'ar uwarsa a gidanta? Ya je gindin katanga ya ɗaga murya ya yi shela za a hau sama, kamar yadda ya saba, ya ɗan jira. Amma janaretan gidan na ta ruri ana tura ruwa tanki, ba wanda ya ji shi. Ya yi bismillah ya hau.

Ashe matar malamin da ƙanwarta suna tsakar gida suna turara shinkafa, ga zafin wuta ga zafin rana, daga su sai ɗaurin ƙirji. Ina sama ta ciki ina goge wannan tagar na ji ihunsu. Shi kuwa ko gama ɗago kai bai yi ba ya kau da fuska ya sauko a guje, matakala ɗaya ta karye ya faɗi, ƙafarsa ta gurɗe. Kafin in sauko daga bene malamin ya zagayo da 'yan uwansa, sun ci kwalarsa, ana ta kiransa ɗan iska, mai leƙen matan mutane, wai goge gilashin ma dabara ce. Layi ya cika maƙil, yara har kan katanga. Mijina, mutumin da ko ruwa mace ta miƙo masa kansa a ƙasa yake karɓa, yana tsaye da ƙafa ɗaya yana rantse-rantse ba mai sauraronsa.

Na ce a kira Hajja, ita za ta warware komai. Ta fito da ƙaton mayafinta da carbi a hannu. Ta dubi jama'a, ta shafa wa idonta toka, ta ce ita ba ta san zancen ba, aiki ta bayar ta biya, masu sana'a su suka san ƙa'idar sana'arsu, ina ita ina sanin lokacin da zai hau. Innalillahi. Na ce Hajja ki ji tsoron Allah, ba ke kika ce kin aika ba? Ta ce ƙarya nake mata, wai dubi mara kunya, mijinta ya yi abin kunya tana neman wanda za ta shafa wa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na gaya mata maganganun da ban taɓa gaya wa babba ba, kuma har yanzu ban yi nadama ba. Dattawan layin ne suka raba, aka ce a haɗu gaban mai unguwa ranar Juma'a bayan la'asar.

Ni fa ban ga laifin malamin ba, ko kusa. In wani ƙato ya leƙo ni a tsakar gidana haka, nawa mijin ma abin da zai yi ke nan. Shi ya sa washegari na sa hijabina na tafi wajen matarsa, mace da mace. Da farko ta ƙi kallona, daga baya ta fashe da kuka, ta ce ko ƙofar gida kunyar leƙawa take. Ta rantse mini ba wanda aka aiko. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba: tun ana ginin benen mijinta ya roƙi a toshe tagogin bayan nan ko a ɗaga su sama, Hajja ta ƙi, aka yi ba daɗi, tun daga lokacin ko gaisawa ba sa yi. Kun gane? Matar nan tun ranar da muke ciniki ta san ba za ta aika ba. Ta san in mijina ya je ya yi sallama tsohuwar rigima za ta tashi. Ta sa na cire yini na biyu, ta samu ragi, ta tura mini miji sama da ƙarya. Yanzu kuma in ta amsa laifinta a gaban mai unguwa tana tsoron a ce a toshe tagogin, shi ya sa dole sai dai shi ya zama ɗan iska.

Ana wata ga wata. Ina dawowa gida, maigidana na kwance an ɗaure masa ƙafa, sai ga wayar Hajja. Na ɗauka a zatona za ta tambayi jikinsa. Ina! Ƙorafi ta kira yi. Wai mun bar mata aiki rabi da rabi, tagogin baya ba a goge ba, na falo kuma in rana ta haska tana ganin zane-zane, baƙinta na tafe, yaushe za mu zo mu ƙarasa? Kai jama'a, akwai ƙarfin hali a duniya. Na ce mata ta riƙe sauran kuɗin ta sayi sabulu, ba shi ne a gabana ba, na kashe wayata. Kafin magariba ta rubuta a guruf ɗin matan gari cewa a yi hattara da wasu mata da miji masu goge gilashi, ga tsada, ga ha'inci, ga rashin kamun kai. Ba ta kama suna ba, amma mu nawa ne masu wannan sana'ar a garin?

A da in kwastoma ya yi ƙorafi komawa nake in sake masa kyauta, ko da na san aikina ya yi, don na ɗauka suna ya fi kuɗin yini ɗaya. To wannan fa? Wane tsumma zan ɗauka in goge?

Jiya Hajja ta turo ƙaninta, wani mai sanyin murya, wai sulhu. Ya ce abin bai kai ya kawo ba, ranar Juma'a maigidana ya ce mantawa ya yi bai aika ba, ya ba malamin haƙuri, shi ke nan a wuce wurin. Ita kuma za ta goge abin da ta rubuta, ta yabe mu a guruf, ta ba mu gidajen 'yan uwanta har na Kaugama. Ya ce mu duba girmanta, ba ta yadda za a yi mace kamarta ta tsaya gaban mai unguwa a ce ta yi ƙarya. Na ce shi mijina ba shi da girman ke nan? Ya yi murmushi ya ce ai namiji ne, kwana biyu an manta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maigidana ya fara karkata. Ya ce shi ma da laifinsa, da ya zagaya da ƙafarsa da haka ba ta faru ba, ya ce ba a ja da mai kuɗi a gari, ya ce haƙuri ba ya ɓaci. Na ce masa ba da haƙuri daban, amsa laifin da ba ka yi ba daban. Malamin kam ya cancanci a ba shi haƙuri, ni ma na je na bayar. Amma ranar da ya buɗe baki a gaban dattawa ya ce ya hau bene kan matan mutane bai damu ya aika ba, ya yanke wa kansa hukunci ke nan, wane magidanci ne zai ƙara barinsa ya jingina tsani a katangarsa? Gidajen 'yan uwan nata ma yaudara ce, macen da ta yi ƙarya da carbi a hannu alkawarinta zan riƙe? Tunda muka yi aure ban taɓa ɗaga masa murya ba sai jiya, har maƙwabciyata ta leƙo. Ya juya fuska bango, ni ma na koma kicin na yi kukana.

Shaida ɗaya gare ni, surukar Hajja. Ni matarsa ce, maganata ba za ta yi nauyi ba, kowa zai ce mijina nake karewa. Yarinyar nan da kanta ta kira ni a ɓoye, ta ce:

"Anti, wallahi na ji da kunnena, kuma abin na damuna ko barci ba na yi. Amma in kika ambaci sunana a gaban mai unguwa, aurena kika kashe."

Ga ta da tsohon ciki, gida ɗaya suke da matar, mijinta kuma ba ya tsallake maganar uwarsa. Na san in aka ce ta rantse ba za ta yi ƙarya ba, kuma na san abin da zai biyo baya. Ita kaɗai ce ta nuna mini mutunci a gidan. In na yi shiru mijina ya sha, in na yi magana ita ta sha, wadda ta haɗa wutar kuma tana can tana zaɓen ankon walima.

Ɗazu da hantsi wata Hajiya daban ta kira ni, gidanta ne gida na farko da muka fara gogewa a garin nan, duk ƙarshen damina mu take kira, har zannuwa take ba ni da salla. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi yara, sannan ta ce in zo ranar Asabar in goge mata ta ciki, amma in zo ni kaɗai, ta wajen a bar shi tukuna, Alhaji ya ce sai ƙura ta lafa. Na ce to Hajiya, na gode. Tun ba a zauna gaban mai unguwa ba ke nan.

To 'yan uwa ku gaya mini gaskiya, ko da za ta yi mini ɗaci. In bar shi ya je ya amsa abin da bai yi ba don a zauna lafiya? Ko in tsaya kai da fata sai Hajja ta rantse, in kira yarinyar nan shaida, duk abin da zai same ta ya same ta? Ko akwai wata hanyar da fushi ya hana ni gani? Masu ilimin addini a cikinku, ya halatta in tilasta wa mai shaida in na san za ta cutu? Juma'a ta matso, ba ni da lokaci.

Yanzu haka yana tsakar gida, ya ɗingisa ya fito yana ɗaure matakalar tsanin da ta karye ranar. Ya ji wayar Hajiyar, ya gane muryarta, fuskarsa har ta saki. Ya ce alhamdulillahi, ashe dai akwai masu yarda da mu, zuwa Asabar ai ƙafar ta yi sauƙi, ƙarfe nawa ta ce mu je? Na ce masa bari in sauke tukunya, na shigo ɗaki na ɗauki waya nake rubuta muku. Yana can yana jirana. Don Allah me zan fita in ce masa?